HUKUNCIN MA'AIKACIN DA YA WAYI GARI DA CIWO A LOKACIN ANNOBA

Jawabin da aka gabatar a wajen wa'azin ƙarshen wata a garin Warra, Ƙaramar Hukumar Ngaski, Jihar Kebbi



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya saukar da cuta Ya kuma saukar da magani. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku malamai da iyayenmu dattawa, da 'yan'uwa da suka taso daga Yelwa da Birnin Yauri da Ngaski da Shanga, da waɗanda suka ƙetaro ruwa daga ƙauyukan gaɓar Kainji, mas'alar da za mu tattauna a yau ita ce: mutum ya wayi gari jikinsa da zafi yana tari, ko kuwa yana amai da gudawa, alhali ana annoba a ƙasa, ga shi kuma ana jiransa a wurin aiki. Shin zai daure ya fita ne, ko zai aika a ce ba shi da lafiya? Da na ce ma'aikaci, kada a ɗauka mai albashin gwamnati kaɗai nake nufi. Masunci da matuƙin jirgi da ɗan dako da ɗan kabu-kabu da mai shayi da mai bandar kifi da wanda ake ɗauka ƙwadago a gonar albasa ko ta shinkafa, duk suna cikin wannan magana.

Wani zai ce ai korona ta wuce. Haƙiƙa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar a ranar 5 ga Mayu 2023 cewa cutar ta fita daga matsayin gaggawa. To amma annoba baƙuwa ce mai komowa. A shekarar 2021, ana tsakiyar maganar korona, kwalara ta kashe fiye da mutum 3,000 a Nijeriya. A 2023 mashaƙo ya addabi Kano da maƙwabtanta. A farkon 2025 sanƙarau ya ɗauki rayuka a Gwandu da Aliero da Jega, a cikin jiharmu. Saboda haka ya kamata mu san hukuncin tun muna cikin lafiya, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

ABIN DA TARIHI YA NUNA

Cuta ba ta da ƙafa, da ƙafar mutane take tafiya, kuma galibi ƙafar masu fita neman abinci. A watan Satumba 1918 muguwar murar nan da ta game duniya ta sauka a Legas ta jirgin ruwa. Daga nan ta bi layin dogo zuwa Arewa, ta bi Kogin Kwara tare da fasinjoji da matuƙa da fatake. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa ta kashe kimanin mutum 500,000 a Nijeriya, a zamanin da jama'ar ƙasar duka ba su fi kimanin miliyan 18 ba.

A ranar 20 ga Yuli 2014 wani jami'i daga Laberiya ya sauka a Legas da cutar Ebola a jikinsa, yana kan hanyarsa ta zuwa wani taron aiki a Kalaba. Likitar da ta duba shi, Dokta Stella Adadevoh, ta ƙi yarda a sallame shi duk da matsin da aka yi mata, har ita kanta ta kamu ta rasu. A Fatakwal kuwa, wani likita da ya kamu ya ci gaba da duba marasa lafiya har da yin tiyata bayan alamun cutar sun bayyana a jikinsa. Ya rasu, matarsa ta kamu, hukuma ta shiga bin sawun fiye da mutum 200 da suka yi cuɗanya da shi. Da taimakon Allah aka tsayar da abin a kan mutum 20, takwas daga cikinsu suka rasu. Ku duba, duk inda wutar ta so ta kama, ta hannun wanda ya ƙi ajiye aiki ne.

Korona kuma an tabbatar da shigowarta ƙasar nan a ranar 27 ga Fabrairu 2020. Aka kulle Legas da Abuja daga 30 ga Maris, Ogun ta biyo baya, daga baya aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi, a watan Afrilu Kano ta yi ta binne dattawanta. Likitoci sun bayyana cewa ƙwayar cutar tana fita ne ta numfashi da tari da atishawa, kuma ta fi yaɗuwa a kwanakin farko, daidai lokacin da mutum yake cewa ai 'yar mura ce. Saurayi mai ƙarfi yakan warke cikin mako guda, amma tsoho, da mai ciwon sukari, da mai hawan jini, su ne take kayarwa. Watau wanda ya daure ya fita daban, wanda ya biya bashin daurewar daban.

ABIN DA SHARI'A TA TANADA

'Yan'uwa, Musulunci bai bar mu cikin duhu ba a nan. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya hana mai raƙuma marasa lafiya ya kawo su mashaya ɗaya da masu lafiya. Idan an kiyaye wa raƙumi wannan haƙƙi, yaya ɗan Adam? Muslim ya ruwaito cewa a cikin tawagar Saƙifawa da suka zo mubaya'a akwai mai cutar kuturta, sai Manzon Allah (S.A.W.) ya aika masa cewa an karɓi mubaya'arsa, ya koma. Babu aikin da ya kai sa hannu a hannun Annabi daraja, amma aka ɗauke masa, kuma ladarsa ba ta ragu ba.

Ku mutanen ƙasar Yauri kun fi kowa sanin albasa. To, ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa an umarci wanda ya ci ɗanyar albasa ko tafarnuwa ya nisanci masallaci, saboda warin yana cutar da masallata. Wari minti nawa yake yi? Idan an dakatar da mutum daga sallar jam'i saboda wari, to wanda yake ɗauke da abin da zai kwantar da mahaifin wani, shi ya fi cancanta ya dakata daga ofis da kasuwa da jirgi. A kan irin wannan fahimta ne hukumomin Saudiyya suka taƙaita aikin Hajji a 2020 da 2021 ga mazauna ƙasar kawai, maniyyatanmu suka haƙura shekara biyu.

Akwai masu kafa hujja da hadisin da ya kore kamuwa da cuta, su ce ai babu mai sa wa wani ciwo. Malamai sun haɗa wannan hadisi da waɗanda na ambata, suka ce abin da aka kore shi ne aƙidar jahiliyya, ta cewa cuta tana aiki da ikon kanta. Allah ne Yake ƙaddara ta, amma Ya sanya cuɗanya ta zama sababi, kamar yadda Ya sanya wuta sababin ƙuna. A shekara ta 18 bayan Hijira, Halifa Umar ɗan Haɗɗabi (R.A.) ya kama hanyar Sham, da ya isa Sarga sai aka gaya masa annoba ta ɓarke. Ya yi shawara da sahabbai, ya yanke hukuncin komawa Madina. Abu Ubaida (R.A.) ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk gefen da ya kai dabbobinsa da ƙaddarar Allah ya kai su, amma mai hankali ya san wanda zai zaɓa. Sa'an nan Abdurrahman ɗan Aufu (R.A.) ya zo ya shaida cewa ya ji Annabi (S.A.W.) ya hana shiga garin da ake annoba, ya kuma hana wanda yake ciki fita don gudu. Wane ne a cikinmu ya fi Umar tawakkali?

Saboda haka hukuncin a fili yake. Wanda ya ga alamar cuta mai yaɗuwa a jikinsa a lokacin annoba, wajibi ne ya janye daga cikin jama'a, ya kuma faɗi gaskiyar halin da yake ciki. Idan ya ɓoye ya fita yana sane, to ya ci amanar duk wanda ya zauna kusa da shi. Kuma kada ya ji cewa ya yi hasara a wurin Allah, domin Bukhari ya ruwaito daga Abu Musa (R.A.) cewa bawan da ciwo ko tafiya suka hana shi aikin alherin da ya saba, ana ci gaba da rubuta masa ladarsa.

ME YA SA YAKE FITA?

Faɗin hukunci daga kan mumbari abu ne mai sauƙi. Amma lalle ne mu yi adalci mu tambaya: me ke fitar da marar lafiya daga shimfiɗarsa? Mafi yawa ba taurin kai ba ne, tukunyar gidansa ce. A lokacin kulle an sha jin talakawa suna cewa yunwa ta fi korona, kuma wanda ya raina wannan magana bai taɓa kwana da kukan yaro ba.

Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, a sashe na 16, ta ba ma'aikaci damar hutun rashin lafiya har kwana 12 na aiki a shekara tare da biyansa, matuƙar likita ya ba da shaida. A watan Maris 2020 Gwamnatin Tarayya ta umarci ma'aikatanta daga mataki na 12 zuwa ƙasa su zauna gida, albashinsu yana tafiya. A Ingila, a wannan watan, aka mayar da biyan kuɗin jinya tun daga ranar farko maimakon ta huɗu, a Amurka kuma aka yi dokar wucin gadi ta biyan mako biyu ga ma'aikata da yawa. Waɗannan hukumomi sun gane cewa umarnin zama gida ba ya aiki sai an haɗa shi da abinci.

To, a nan Warra mutum nawa wannan doka ta shafa? Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2023 sun nuna cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Nijeriya ba su da aikin albashi mai rajista. Yaron da ke jan dala a bakin ruwa, rabonsa daga warangin da aka kamo ranar ne. Ɗan dako idan ranar kasuwa ta wuce shi, sai wani zagayen. Ɗan kabu-kabu akwai kuɗin da mai babur yake jira kowace yamma, da lafiya ko babu. Irin wannan mutum idan ka ce masa ya kwanta kwana bakwai, tambayarsa ɗaya ce: wa zai auna wa iyalina hatsi? Matuƙar ba mu amsa masa ba, wa'azinmu zai tsaya a ƙofar masallaci. Don haka nake cewa wannan wajibi ya hau kan mutum uku: marar lafiya, da maigidansa, da jama'ar gari.

HAƘƘIN DA KE KAN MAIGIDA

Ya kai mai jirgi, mai gona, mai shago, shugaban makaranta, shugaban ofis: yaronka yana kallon fuskarka kafin ya yanke shawara. Idan ya san cewa duk ranar da ya ce ba shi da lafiya za ka ba wani gurbinsa, ko ka kira shi rago a gaban mutane, to zai sha ƙwayar sauƙar da zazzaɓi ya zo, ya ɓoye tarinsa. A nan kai ne ka fito da shi, kuma kana da kaso a cikin abin da zai biyo baya.

Na san cewa a hukuncin ijara wanda aka ɗauka aikin yini ba ya bin ka ladan yinin da bai yi ba. Amma bayan adalci akwai kyautatawa, kuma ko da lissafin duniya za a bi, ribarka tana cikin ka bar shi ya kwanta. Mai yara shida a jirgi, wanne ya fi masa sauƙi: ya ciyar da gidan mutum ɗaya kwana biyar, ko duka shidan su kwanta a lokacin da kifi yake kamuwa? Mai tuwon da ta bar 'yar aikinta mai gudawa tana wanke kwanoni tana zuba miya, ranar da aka gane daga rumfarta ciwon ya fito, cinikin shekara nawa ta rasa?

Mu mutanen wannan gari ba ma bukatar a koya mana abin da kwaɗayin kuɗin yini ɗaya yake jawowa. A ranar 26 ga Mayu 2021 jirgi ya nutse a ruwan nan namu da fiye da mutum 150 a ciki, jami'an hukumar kula da hanyoyin ruwa kuma suka ce an yi masa lodi fiye da kima. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya karɓi shahadarsu. Ƙarin fasinja ɗaya ba ya zama komai a idon mai karɓar kuɗi sai ranar da jirgi ya gaza. Haka nan marar lafiya ɗaya da aka tilasta wa fitowa.

Abu uku nake roƙon kowane maigida ya faɗa wa yaransa tun yanzu, da bakinsa: wanda ya kwanta ciwo gurbinsa yana nan; za a ba shi wani abu da zai riƙe gida gwargwadon hali; mai babur ko mai jirgi kuma ya yafe kuɗin kwanakin jinya.

HAƘƘIN DA KE KAN JAMA'A

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma da yawa daga masu sana'a ba su da maigida sai Allah. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya yabi Ash'arawa, mutanen Abu Musa, saboda idan abincinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ke hannun kowa a mayafi ɗaya su raba daidai, har ya danganta kansa da su. Wannan sunna ce da aka manta, kuma raya ta ya fi yawan surutu.

Muna da adashi don biki da suna. Me zai hana masunta a ƙarƙashin sarkin ruwansu, da ƙungiyar direbobi, da 'yan kabu-kabu, da mahauta, da mata masu bandar kifi, kowane rukuni ya buɗe asusun jinya? A riƙa zuba ɗan abin da ya sawwaƙa duk ranar kasuwa, a naɗa amintattu uku, a rubuta shiga da fita a littafi, a karanta wa jama'a duk wata. Wanda ya kwanta, a kai masa mudun hatsi da kuɗin cefane har ya tashi. Kwamitin kowane masallaci ya san gidajen da ke unguwarsa, 'yan agajinmu kuma su ɗauki aikin kai saƙon zuwa ƙofar gida. Masu fitar da zakkar shinkafa da gero su tuna cewa leburan da ciwo ya zaunar yana cikin matalautan da aka ambata a farkon masu karɓa.

Sa'an nan mu daina gori. A 2020 mutane da yawa sun ɓoye ciwo don tsoron a ce gidan wane akwai korona, a ƙaurace wa shagonsa har bayan ya warke. Wanda ya killace kansa don kada ya cuce ku ya cancanci addu'a da godiya, kuma idan ya warke a koma ciniki da shi kamar da.

MAI CIWON ƘARYA

Akwai ɗaya gefen, kuma ba za mu rufe ido a kansa ba. Wasu ma'aikata lafiyarsu ƙalau, amma suka mayar da annoba rigar fakewa: a aika ofis a ce ana zazzaɓi, a wuce gona ko kasuwa, ƙarshen wata a karɓi albashi cikakke. Wannan ya haɗa ƙarya da cin dukiyar da ba a yi wa aiki ba. Ma'aikacin lafiyar da ya rubuta masa takardar shaida alhali ya san lafiyarsa lau, ya yi shaidar zur, wadda take cikin manyan zunubai. Ɓarnar kuma ba ta tsaya a kansu ba. Wake ɗaya ke ɓata gari: saboda mai ƙarya ne shugaba yake zargin mai gaskiya, har mai gaskiyar ya ja jiki ya zo da cutarsa don kada a ce da shi maƙaryaci.

Wani kuwa tsoro ne yake damunsa, musamman ma'aikacin asibiti. Tsoro ba laifi ba ne, amma maganinsa faɗin gaskiya. Idan kai mai shekaru ne, ko kana da ciwon sukari ko hawan jini, ka bayyana, ka nemi a sauya maka wurin aiki. Idan kayan kariya ne babu, ku nema a fili, kamar yadda likitoci masu neman ƙwarewa suka yi a watan Yuni 2020 lokacin da suka fito suka bayyana kokensu a kan kayan kariya da kuɗin haɗari. Amma mai lafiya ya bar majinyata a kan gado da sunan ciwon da ba shi da shi, wannan gudu ne daga fagen da aka ba shi amana.

ABIN DA ZA KA YI DA ASUBA

Ba kowane ciwo ne yake yaɗuwa ba. Zazzaɓin cizon sauro ba ya tsallakawa daga mutum zuwa mutum ta zama tare, amma kai ba za ka iya rarrabewa da ido ba, gwaji ne yake rarrabewa. Don haka a lokacin annoba, idan ka ga zazzaɓi tare da tari ko ciwon maƙogwaro, ko amai da gudawa, ko ƙuraje sun feso, to ka dakata. Ka sanar da maigidanka da wuri domin ya sami wanda zai riƙe aikin. Ka je asibiti ko ɗakin shan magani mafi kusa, ka rufe hanci da baki a hanya. A gida ka ware kofinka da kwanonka, ka nisanci tsofaffi da jarirai, ka yawaita wanke hannu da sabulu.

Mai gudawa kada ya taɓa abincin sayarwa, kada ya kewaya a bakin ruwan da jama'a suke ɗiba. A fara ba shi ruwan gishiri da sukari tun a gida: lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, ana shirin kai shi asibiti, domin kwalara tana iya kashe babban mutum cikin sa'o'i. Zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko wahalar numfashi, ba a kwana da su a gida. Tarin da ya wuce mako biyu a je a gwada, maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati. Kuma kada ka koma aiki don ka ji dama-dama, sai ma'aikacin lafiya ya ce ka koma. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ina kira ga shugabannin rassa, kowa idan ya koma garinsu ya tara masu sana'a da masu ɗaukar ma'aikata a yi wannan magana, kuma a taron wata mai zuwa muna son mu ji rassa nawa suka kafa asusun jinya, da wa aka damƙa wa littafinsa.

Allah Ya kare mu daga annoba da yunwa da miyagun cututtuka. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan magabatanmu, Ya sanya albarka a ruwanmu da gonakinmu da kasuwanninmu, Ya ba mu ikon riƙon amana a ɓoye da bayyane.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.